Wa Ya Ƙirga Tsagewar Yuraniyom?

 

A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wata 'yar tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta na asali kusan kilowat 30 ne. Kafin a samu wat ɗaya tak na zafi, sai ƙwayoyin zarra na yuraniyom kusan biliyan 31 sun tsage a kowace daƙiƙa. Ke nan idan tukunyar ta kai wannan ƙarfi, abin da ke tsagewa a cikinta ya kusa tiriliyan dubu a daƙiƙa. Duk wanda ya ji wannan adadi yana da damar tambaya: wa ya ƙirga?

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar faɗi. Niyutiron ya shiga cibiyar ƙwayar yuraniyom-235, cibiyar ta rabe gida biyu, ta saki sababbin niyutiron biyu ko uku da makamashin da ya kai kusan MeV 200. Otto Hahn da Fritz Strassmann suka fara cin karo da alamarsa a Berlin a Disamban 1938, da suka ga sinadarin bariyom inda ba su zata ba. Lise Meitner da Otto Frisch suka fassara abin, kuma a Janairun 1939 Frisch ya tabbatar da shi a Kopenhagen da wani ɗan akwatin iskar gas mai ɗauke da lantarki.

Jikan wancan akwati ne muke amfani da shi har yau. Ana shafa yuraniyom siriri ƙwarai a kan faranti, a cika akwatin da gas irin argon, a ba shi wuta. Idan ƙwaya ta tsage, ɓallin da ya fito yakan keta gas ɗin, ya bar caji, na'ura ta rubuta bugu ɗaya. Ɓallayen biyu suna ɗauke da kusan MeV 170 a tsakaninsu, alhali ƙwayar alfa da yuraniyom ke fitarwa da kansa ba ta kai MeV 5 ba, don haka rarrabe su ba wuya. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar waya: a manna yuraniyom a jikin ma'adinin mika, kowane ɓalli ya bar zane, a jiƙa da asid zanen ya buɗe, a ƙirga da madubin ƙara girma. Ko kuma a fitar da samfurin bayan an haska shi, a auna hasken gamma na lantanom-140, wanda ke fitowa daga bariyom-140, ɗaya daga cikin abin da tsagewa ke haifarwa.

To, a nan gizo ke saƙa. Ɓallin tsagewa ba ya tafiyar da ta wuce 'yan mikiromita a cikin yuraniyom. Wanda ya fita a karkace, yana bin shimfiɗar shafin, sai ya maƙale a ciki bai kai ga gas ba, na'ura ba ta san an yi shi ba. In an ƙara kaurin shafin don ƙirge ya yi yawa, ɓatattun su ma su ƙaru. Bayan haka, ƙarfen akwatin yana shanye wasu niyutiron, yana karkatar da wasu, bangon ɗakin yana dawo da wasu da sun riga sun wuce. Na'urar da ka saka don ta auna wuri ta riga ta sauya wurin. Saboda haka lambar da ke kan allo ba ita ce adadin tsagewa ba, sai an yi mata gyara, kuma galibin gyaran kwamfuta ke lissafa shi.

Dabarar ana kiranta Monte Carlo. Stanislaw Ulam da John von Neumann suka assasa ta a Los Alamos ta Amurka wajen 1946 da 1947, kuma daga can manhajar MCNP ta fito. Kana zana wa kwamfuta siffar komai: sandunan makamashi, ruwa, berilyom da ya kewaye su, har da na'urar aunawa. Sai ta saki niyutiron guda, ta jefa ƙuri'a a kan nisan da zai yi, da abin da zai ci karo da shi, da ko zai karkace, ko a shanye shi, ko ya tsaga. Ta maimaita sau miliyoyi, ta ɗauki matsakaici.

Ƙuri'ar nan ba a makance ake jefa ta ba. Tana bin teburin yiwuwa, wanda ake aunawa da ma'aunin ban. Niyutiron mai sanyin tafiya, mai gudun mita 2,200 a daƙiƙa, yana da ban kusan 585 na tsaga yuraniyom-235. Mai gudu sosai, ban ɗaya da ɗoriya kawai. Yuraniyom-238 kuwa, wanda shi ne sama da kashi 99 cikin ɗari na abin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, kusan ba ya tsagewa sai niyutiron ya kai wajen MeV 1. Daga ina teburin ya fito? Daga aunawa. A cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba akwai wurin gwaji mai suna n_TOF, wanda ke aiki tun 2001. Ana harba furoton a kan dalma, niyutiron su ɓarke, su bi bututu mai tsawon kusan mita 185. Mai MeV 1 zai iso cikin mikirodaƙiƙa 13, mai eV 1 sai bayan milidaƙiƙa 13. Lokacin isowa ke bayyana ƙarfin kowane ɗaya. Kuma yawanci ba a auna sinadari shi kaɗai: ana jera shi da yuraniyom-235 a layi guda, a ɗauki rabon da ke tsakaninsu, kamar yadda ake gwada sabon mudu da mudun da kasuwa ta amince da shi.

Kun ga yadda abin ya zagayo. Kwamfuta na gyara awo, awo na ciyar da kwamfuta. Wannan ba laifi ba ne muddin an san wanne ya jingina da wanne.

Ɗalibai, ga inda nake so ku buɗe kunne. MCNP takan buga amsa, a gefenta ta buga ɗan adadin kuskure, misali kashi 0.1 cikin ɗari, sai ɗalibi ya kwafe shi cikin kundinsa yana murna. Wannan adadi ba ya faɗin komai sai yawan ƙuri'ar da aka jefa. Ƙirge 10,000 na ba da kuskuren kashi 1 cikin ɗari, miliyan ɗaya na ba da 0.1, ko da zanen da ka ba kwamfutar gurgu ne. Bai san ko ka yi kuskuren kaurin berilyom ba, ko zafin ruwa, ko nauyin yuraniyom da ke kan farantin. A ganina, kundin da ya kawo lissafi zalla, ba tare da ya gwada shi da awo ko guda ba, rabin aiki ne. Wanda kuma ya kawo awo bai nuna gyaran da ya yi masa ba, shi ma haka.

Zariya ta ga amfanin haɗa biyun. A 2018 aka cire wa NIRR-1 makamashinta na asali, wanda aka tace har yuraniyom-235 da ke cikinsa ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari, aka sa mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin a ƙarshen shekarar. Gana ta riga mu yin haka da tata tukunyar a 2017. Shekaru kafin a taɓa sanda ko ɗaya, masanan cibiyar da takwarorinsu na ɗakin bincike na Argonne da ke Amurka sun yi ta lissafin sabon cikin tukunyar a kwamfuta, bayan sun gwada manhajar da awon tsohon. Sabon makamashin ya fi yawan yuraniyom-238, mai shanye niyutiron, don haka aka ɗaga ƙarfin tukunyar zuwa kilowat 34 domin niyutiron da ke ramukan gwaji na ciki su ci gaba da kai tiriliyan ɗaya a kowane murabba'in santimita a daƙiƙa, wanda da shi ake binciken ƙasa da ma'adinai da abinci.

Shugaban taro, lokaci ya yi halinsa. Ga fili ga masu tambaya.