Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasa Masu Shirya Fim ɗin Gaskiya a Yelwan Yauri

 

Wakilin Mai Martaba Sarkin Yauri, Allah ya ja zamanin Sarki. Hakimai da dagatai. Wakilan ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Sarakunan ruwa da suka ƙetaro tun da sassafe. Malaman da suka ba da wannan horo. Iyaye maza da mata. Sai kuma ku 'ya'yana da aka taru dominku: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanku sun ba ni finafinan da kuka kammala, na kuwa kalle su, kuma na yaba. Hannunku ya zauna a kan kyamara, kun san haske. Sai dai tunda an kira ni a matsayin uba, ba zan tsaya a yabo ba. Da yawanku kun buɗe fim da hoton tafkin Kainji daga sama, ga kiɗa, ga wata murya tana sanar da mu cewa Yauri gari ne mai daɗaɗɗen tarihi. Ba wanda ya musa. Amma mai kallo ba ya zama don gari, yana zama ne don mutum, don yana son ganin yadda za ta ƙare da shi.

Shi ya sa aikin farko shi ne neman wanda za a bi. Ba lallai ya zama wanda ya fi kowa iya magana ba, masu zaƙin baki sau da yawa sun riga sun haddace abin da za su faɗa wa baƙo. Ku nemi wanda yake son wani abu, akwai abin da ya tare masa hanya, kuma lokaci yana ƙure masa. Manomin albasa da ya ci bashin taki, ga kaka ta zo farashi ya faɗi. Masassaƙin jirgi da ɗansa ya ajiye gizago ya tafi haƙar zinariya. Mai bandar kifi da ta ƙudura sai 'yarta ta gama makaranta. Matuƙin da aka wuce shi a tseren jirage na Rigatar bara, yana jiran ta bana. In kun same shi, kada ku ɗora shi a kujera ku jera masa tambayoyi. Ku bi shi bakin ruwa, ku tambaye shi yana ɗinkin taru. In ya ba da amsa ya yi shiru, ku ma ku yi shiru, kyamara na tafiya. Maganar da ke biyo bayan shirun nan ita ce yawanci ta cikinsa. Kuma ku kula da sauti fiye da yadda kuke yi. Mutane na haƙuri da hoto mai duhu, amma iska na buga makirfo za su tashi.

Inda nake so in daɗe shi ne teburin tacewa, kuma misalina daga wannan kogin yake. A shekarar 1946 wani Bafaranshe, Jean Rouch, da abokansa biyu suka biyo kogin Kwara cikin kwalekwale, daga can kusa da mafarinsa har teku. A yankin Ayoru, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, ya ɗauki hoton Sorko, dangin Sarkawanmu, suna farautar dorina. Kafin su fita sai da suka yi wasan bori na neman izinin ruwa, bisa al'adarsu ta wancan zamani. Da ya koma Faris, wani kamfanin labarai ya karɓi hotunan ya tace su a 1947. Masu tacewa suka ɗauke wasan borin daga farko suka kai shi ƙarshe, don a ganinsu ya fi tayar da hankali, suka cusa hotunan namun dajin da ba a wurin aka ɗauka ba, suka ɗora muryar da ke kwatanta mutanen kamar wasu abin tsoro. Farautar da borin duk sun faru da gaske. Jerin ne ya yi ƙarya: abin da aka yi don roƙo ya koma kamar shagalin bayan kisa.

Wannan iko yanzu yana hannunku, a kwamfuta, har ma a waya. Dattijo zai ce, madatsar Kainji ta amfane mu, amma ta raba mu da kaburburan iyayenmu. In kuka yanke kafin "amma", kun mayar da shi ɗan kanzagin gwamnati. In kuka ɗauki abin da ke bayan "amma" kaɗai, kun mayar da shi mai ƙorafi. Shi kuwa duka biyun ya faɗa, kuma haɗuwarsu a baki ɗaya ita ce mutumin. Tacewa dole ce, ba mai kallon sa'a ashirin, kuna da damar taƙaita magana, ku rufe wurin yankan da hoton hannunsa ko na ruwa. Ma'aunin kawai shi ne, in ya ji, zai ce haka na nufa?

Kafin ku taɓa kwamfuta, ku kalli duk abin da kuka ɗauko, ku rubuta kowace fitowa a 'yar takarda, ku baje a tabarma kuna sauya musu wuri har labarin ya tashi da ƙafarsa. Ku fara daga inda matsala ta kama mutumin, tarihin haihuwarsa ya biyo baya in ana bukata. Hoton faɗuwar rana da kuka sha wahalar ɗauka, in bai matsar da labari gaba ba, ku cire shi, ko da zai yi muku ciwo.

Rouch ya sake komawa Ayoru a 1951 ya ɗauki wata farautar, wannan karon ya tsaya a kan tacewar da kansa. Babban dorinar da suka yi ta bi ya farfasa musu jirgi ya tsere da zaguna a jikinsa, kuma haka fim ɗin ya nuna, bai ƙirƙira musu nasara ba. A 1954 ya ɗauko janareta da farin ƙyalle ya kai wa masuntan fim ɗinsu. Suka kalla, suka nemi a maimaita, sannan suka yi masa gyara. Ya sa kiɗan farauta a daidai inda ake bin dorina, suka ce wannan kuskure ne: shiru ake yi, kiɗa zai ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Mutumin da ya yi karatu a Faris ya karɓi gyaran masunta. A wurin kallon ne kuma wani maharbin zaki ya ce a zo a ɗauki tasu farautar, daga nan aka samu fim ɗin da ya fito a 1965. Ku ma kafin ku sa fim a YouTube ko ku aika da shi gasa, ku kai shi ƙauyen da kuka ɗauka. Sarakunan ruwa ga su nan zaune, na san ba za su yi muku kara ba.

Kuna da abin da Rouch bai da shi. Oumarou Ganda, ɗan Yamai, ya fito a fim ɗin Rouch na 1958 yana ɗan dako a Abijan. Daga baya ya karɓi kyamara da kansa ya yi Cabascabo, ya ba da labarin komowarsa daga yaƙin Indocin yadda shi ya gan shi. Ku tun farko a gida kuke, kuna jin harshe, kun san wanda ake gaisarwa kafin a shiga gari.

Ga kuma aikin da ba zai jira ba. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya tashi mutane kimanin 44,000, ya shanye tsohuwar Busa da gungu-gungu masu yawa. Yaron da ke da shekara goma a lokacin yau ya doshi saba'in. Irinsu ne suka rage da za su iya nuna muku da yatsa, daga cikin jirgi, inda kasuwarsu take a ƙarƙashin ruwa. Ku ɗauki mutum ɗaya, Bagunge ko Bakambare ko Bashange, ku bar shi ya yi magana da harshensa, ku rubuta fassarar Hausa a ƙasan hoto, kada ku danne muryarsa da taku.

Wani labarin kuma yana bukatar a sassauta. Hatsarin jirgin da ya auku kusa da Warra a watan Mayun 2021 ya bar gidaje da yawa cikin makoki. In za ku taɓa irinsa, ku fara zuwa gaisuwa ba da kyamara ba, ku bayyana inda fim zai je, kuma wanda ya ce a cire hawayensa a cire.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a isar wa Mai Martaba, tare da shugabannin ƙananan hukumominmu uku, buƙata ɗaya: a samar da ɗaki da na'urorin ajiya inda za a riƙa adana kwafin duk abin da yaran nan suka ɗauka, har da wanda bai shiga fim ba. A yau yawancinsa yana cikin wayoyi ne, waya kuwa tana faɗawa ruwa.

Iyaye, mun gode da kuka ba da 'ya'yanku, musamman 'yan matan, domin su ne za su shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga. 'Ya'yana, Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare ku a ruwa da tudu. Yanzu sai in roƙi wakilin Mai Martaba ya taso ya miƙa takardun shaida.