Shin Ma'aikata Ne Suka Yi Kaɗan, Ko Kula Ce Babu?

 

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan koken da kullum ake yi a rumfunanmu, wato wai ƙasar nan ta lalace, ka je banki ko asibiti ko ofishin gwamnati ba mai kallonka, alhali a ƙasashen waje mutum sarki ne. Wasu na cewa ma'aikata ne suka yi kaɗan. To jama'a, ni ban yarda a nan gizo yake saƙa ba.

Mu ɗauki kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways. An kafa shi a 1958, da yawa daga cikin iyayenmu a jirginsa suka sauke farali. Akwai lokacin da yake da jirage wajen 30. Kafin ya durƙushe a 2003 jiragen da ke iya tashi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, amma ma'aikata dubbai ne. Ashe ba hannu aka rasa ba. Mutum ya sayi tikiti, ya kwana a filin jirgi, a ƙarshe a ba wani kujerarsa saboda ya san wani. Su ma ma'aikatan an zalunce su, domin sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince a biya su wani kaso na haƙƙinsu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ga kuma na Habasha, Ethiopian Airlines, shi ma na gwamnati ne, ya fara tashi a 1946, yana da jirage sama da 100, har Kano da Ikko yana zuwa ɗaukarmu. Baƙar fata ne irinmu. Bambancin shi ne can an bar waɗanda suka san aiki su yi aiki, wanda ya yi sakaci kuma akwai mai tambayarsa.

Haka NITEL. Waɗanda suka nemi layin tarho kafin wayar salula ta zo a 2001 sun san shekara nawa ake jira, ga ofis cike da mutane.

To Turawan fa? Su ma kuka suke yi, kuma abin mamaki irin namu ne, suna cewa ƙasarsu ta koma baya. Sai dai nasu ciwon daban. A Birtaniya an rufe rassan bankuna fiye da 6,000 daga 2015, tsoho sai ya shiga mota zuwa wani gari kafin ya ga fuskar ma'aikacin banki. A manyan kantuna an cire masu karɓar kuɗi an girka na'ura, kai za ka auna kayanka, kai za ka biya, in ta cije ka tsaya kana waige-waige. A 2023 aka yi shirin rufe kusan dukkan ofisoshin sayar da tikitin jirgin ƙasa a Ingila. Mutane wajen 750,000 suka rubuta ra'ayinsu, galibi na ƙin amincewa, makafi da tsofaffi suka ce wa zai taimake su, tilas gwamnati ta janye. Wannan shi ne abin da ya burge ni, ba na'urar ba. Sun yi koke an saurare su. Mu kuwa lokacin canjin kuɗi a farkon shekarar 2023 mun kwana a layi bakin banki, tumatur ya ruɓe a mota don babu takardar kuɗin saye, wa ya ba mu haƙuri?

Ban ce ƙarancin ma'aikata ƙarya ba ne. A asibiti gaskiya ne. Likitocinmu da nas-nas sun cika Ingila da Saudiyya, wanda ya rage shi kaɗai zai duba layin da ya isa mutum biyar, ga albashi ba ya kai wata. Irin wannan in ya ɗaure maka fuska, gajiya ce.

Amma laifi tudu ne. Bari in zo gida, kuma iyayena ku yi mini afuwa. Mu da ke zaune a ƙasar Yarabawa, ciniki ne ya kawo kakanninmu, goro da shanu, kuma amana ce ta zaunar da su. Yau ka shiga shagon ɗayanmu za ka tarar da yara huɗu. Ɗaya na danna waya, biyu na musun ƙwallo, matar Bayarabe ta tsaya tana tambayar kuɗin mudun wake ba wanda ya ɗaga kai, balle ya ce mata sannu da yarensu. Gobe sai ta wuce shagon gaba, mu ce kasuwa ta mutu, ƙasa ta lalace. Mene ne bambancinmu da Nigeria Airways?

Kuma ban ɗora wa yaran laifin duka ba. Yaro ya shekara 10 a ƙarƙashinka, bai san albashinsa ba, bai san ranar da za ka sallame shi ba, sai kuɗin abinci da ɗinkin salla. Don me zai tashi da gudu in ya hango mai saye? Maƙwabtanmu Ibo suna yanka wa yaro shekaru tun ranar da aka kawo shi, a gaban iyayensa, in sun cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Shi ya sa yaronsu yake binka har bakin titi. A da mu ma maigida yakan yi wa yaronsa aure ya ba shi jari, yanzu abin ya zama sai wanda Allah ya taɓa zuciyarsa.

Saboda haka ina roƙon shugabanni a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zama na gaba: duk wanda zai ɗauko yaro daga gida a rubuta takarda gaban shaidu biyu, nawa ne haƙƙinsa a wata, shekara nawa zai yi, da me za a sallame shi. Sakatare ya ajiye kwafi ɗaya. Wanda ya saɓa, a kira shi fadar Sarki.