Guraben Karatun Likita a Maiduguri: Wa Ke Nema, Wa Ke Samu?

 

An nemi in yi magana a kan alƙaluman ɗaukar ɗalibai a kwalejojin koyon aikin likita, na 'yan ƙasa da na baƙi. Zan fara da adadin da jaridu suka fi so. A 2022 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta ce waɗanda suka nemi fannin likitanci sun haura 360,000, guraben kuwa ba su kai 44,000 ba. Uba ya ji wannan, sai ya yi lissafi a zuciyarsa: mutum ɗaya cikin takwas, ashe ɗana zai iya shiga. Lissafin daidai ne, amma ba na abin da yake nufi ba ne. Cikin guraben nan 44,000 an haɗa masu karatun jinya, da haɗa magunguna, da gwajin jini, da ɗaukar hoton ƙashi, da gashin ƙashi, da sauransu. Digirin da ake kira MBBS, wanda shi ne mutanenmu suke nufi idan sun ce yaro zai zama dakta, a wancan lokaci gurabensa a duk faɗin Nijeriya kimanin 5,000 ne a shekara. Dubu biyar, ga ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200.

Wa ya yanke wannan adadi? Ba JAMB ba ce, ba kuma shugaban jami'a ba ne. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ce take zuwa ta duba kowace kwaleji: gadajen asibitinta nawa ne, ƙwararrun likitocin da za su koyar nawa ne, ɗakunan gwaje-gwaje, ɗakin da ake koyon sassan jikin mutum, har da ɗakunan kwanan ɗalibai. Daga nan sai ta ce ga iya waɗanda za ku ɗauka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malamin tarihi zai iya koyar da mutum 500 da lasifika. Likita ba zai iya kai mutum 500 bakin gadon mai naƙuda ba. A zagayen ɗakin marasa lafiya, idan ɗalibai suka wuce goma sha wani abu, na baya ba ya jin komai, balle ya sa hannu ya taɓa. Wanda ya raina wannan ƙa'ida ya dubi abin da ya faru a Jami'ar Kalaba a 2025, inda aka ba sashen likitan haƙori kason ɗalibai 10 a shekara, aka riƙa ɗaukar ninkin-ba-ninkin haka, ƙarshe ɗaruruwan yara suka shiga tsaka mai wuya bayan sun kashe shekaru da dukiyar iyayensu.

Gwamnatin tarayya ta sanar cewa ta ninka kason daga 5,000 zuwa kusan 10,000. Na yi murna da jin haka, amma murnata da sauranta. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar zuwa bakwai. Cikin masu tafiyar akwai waɗanda ya kamata su koyar da dubu goman nan. Mu nan Maiduguri kuma muna da namu ƙarin nauyin: ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024 ta shiga asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta lalata na'urori masu tsadar gaske. Na'urar da ruwa ya ci, mara lafiya ya rasa ta, ɗalibi ma ya rasa ta. Ninka adadi a takarda aikin rana ɗaya ne, horar da ƙwararren likitan tiyata kuwa yakan ci shekara goma sha biyu ko fiye, tun daga ranar da ya shiga jami'a.

Jami'ar Maiduguri an kafa ta a 1975, asibitin koyarwarta kuma Shugaba Shehu Shagari ne ya buɗe shi a 1983. Shekaru da yawa ita kaɗai ce ke yaye likitoci a duk arewa maso gabas, a hannun mutane irin su marigayi Farfesa Umaru Shehu da marigayi Farfesa Jibril Aminu, Allah Ya jiƙansu. Yanzu Gombe da Bauchi da Damaturu da Azare da Yola duk sun buɗe nasu. Sai dai har yau idan yaro daga Gashuwa ko Mubi ya zo cike takarda, idonsa Maiduguri yake fara kallo.

To, yaya ake raba ɗan abin da ake da shi? A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin ɗari na cancanta, ko daga ina ɗalibi ya fito; kashi 35 na jihohin yankin jami'ar; kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Yankin Jami'ar Maiduguri ya haɗa Borno da Yobe da Adamawa da Bauchi da Gombe da Taraba. Wanda ya ji haka zai ce ai ɗan Borno ya more, tunda yana da hannu a kaso uku duka. A nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne alƙaluman suke rufe mana ido.

“Ɗan Borno” a takardar JAMB mutum ɗaya ne. A zahiri kuwa akwai ɗan ma'aikacin da ya yi makarantar kuɗi a GRA, ko ma a Abuja, ya taɓa kwamfuta tun yana firamare, an ɗaukar masa malamin Kemistiri a gida. Akwai kuma yarinyar da aka haifa a Marte ko Abadam ko Guzamala, ta girma a sansanin 'yan gudun hijira. Dukansu takardar shaidar ƙaramar hukuma suke riƙe da ita, dukansu layi ɗaya suke bi. Kun fi ni sanin wanda zai ci. A watan Maris 2014 aka rufe makarantun gwamnati a jihar nan, manyan sakandare ba su koma ba sai 2016. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2017 cewa an kashe malamai fiye da 2,200 a arewa maso gabas tun daga 2009, an raba wasu 19,000 da muhallansu, an lalata makarantu kusan 1,400. Yaran da suke firamare a waɗannan shekaru su ne masu rubuta JAMB a yanzu. Jarrabawar kuma ba ta tambayar inda ka kwana: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, maki 400. A 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna mata, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, alhali mai neman likitanci ko ya kai 250 bai kwanta da kwanciyar hankali ba.

Malamai, ku gafarce ni, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya gama aji shida bai taɓa auna sinadari da hannunsa ba, darasin wata uku kafin jarrabawa ba zai kai shi ba. In ma ya kai shi, akwai wata ƙofa a gaba wadda iyaye ba su cika sani ba. Samun takardar shiga jami'a ba shi ne shiga kwalejin likita ba. Shekarar farko kimiyya zalla ake yi, a ƙarshenta ake tace waɗanda za su haye aji biyu, waɗanda MDCN za ta yi wa rajista cikin kason makaranta. Wanda bai haye ba, sai a tura shi wani fanni. An yi walima a gida, dangi sun fara kiransa dakta, shi kuma ya ɓoye maganar har shekara ta zagayo. Wannan ma adadi ne, kuma ya cancanci a ƙirga shi.

Mu koma kan baƙi. Nakan ji ana cewa 'yan ƙasashen waje ne suke cinye guraben 'ya'yanmu saboda suna biya da dala. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zance ba. A 2019 wani kwamiti da JAMB ta kafa ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ya bincika manyan makarantun ƙasar nan, ya tarar da ɗalibai baƙi 1,856 cikin ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari. Ko biyu cikin dubu ba su kai ba, kuma a duk fannoni ke nan, ba likitanci kaɗai ba. A Ingila sai da gwamnati ta sa iyaka, ta ce baƙi kada su wuce kashi 7.5 na guraben likitanci, saboda yawan masu nema. Mu ba mu da wanda za mu sa wa iyaka. Wa zai kawo ɗansa inda karatun shekara shida yake zama takwas? Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas.

Ni kam a ganina ƙarancin baƙin nan asara ce, musamman a garin nan. Njamena ta fi Kano kusa da mu. Ku shiga asibitin koyarwa ko wace rana, za ku ji Larabcin Chadi da Fulatancin Kamaru, za ku ga mutanen Difa ta Nijar. Kwalara da ƙyanda da shan inna ba sa tsayawa a Gamboru ko Banki ko Damasak su nuna fasfo. Likitan da ke Kusiri ta Kamaru ko Difa, in abokin karatunka ne, waya ɗaya ta isa ka san abin da ke tahowa. Abin da ya hana su zuwa sananne ne: sun yi karatu da Faransanci, takardarsu ta Bakaloriya ce, ga tsoron hanya. Da za a ware 'yan gurabe kaɗan, ko biyar ne a shekara, a yi musu shekarar share fage ta Turanci, a kuma rubuta a fili cewa kuɗin da suka biya kayan ɗakin gwaje-gwaje zai saya, da ban ga wanda aka zalunta ba. Na san wani zai ce namu ma ba su samu ba. Gaskiya ne, shi ya sa na ce kaɗan, kuma a bayyane.

Baƙuncin da ya fi yawa, mu ne muke yin sa a ƙasashen wasu. Abin ba sabo ba ne a wurin mutanen Borno: tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira domin ɗalibansu. A zamaninmu, gwamnatin Kashim Shettima ta tura 'yan mata kimanin 50 Jami'ar El-Razi da ke Khartoum a 2014 su karanta likitanci, don asibitocinmu na fama da ƙarancin likitoci mata, kuma kowa a zauren nan ya san matan da suka gwammace su haƙura da ciwo da a ce namiji ya duba su. Kano da Jigawa da wasu jihohi ma sun tura nasu. Masu hali kuma suka riƙa kai 'ya'yansu Masar da Indiya da Yukren da aljihunsu. Sai yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, na Sudan a watan Afrilu 2023, aka kwaso ɗalibanmu ta hamada zuwa iyakar Masar da Port Sudan, wasu saura musu shekara ɗaya su gama.

Wanda ya gama lafiya ma da sauran rina a kaba. Duk wanda ya yi karatun likita a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisi. A wadda aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano a watan Nuwamba 2023, mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi. Fiye da rabi. Ban ce duk makarantun waje ba su da kyau ba. Wasu sun fi namu kayan aiki nesa ba kusa ba. Amma wanda ya yi shekara shida inda bai ji harshen marasa lafiya ba, ba a bar shi ya taɓa su ba, bai kuma taɓa ganin zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ba, dole ya sha wuya idan ya dawo. Alhaji, Hajiya, kafin a sayar da fili a biya dillalin makaranta, a tambayi MDCN ko ta amince da makarantar, a kuma nemi sanin yadda waɗanda suka fito daga cikinta suka yi a jarrabawar nan.

Buƙatata ga jami'a da ma'aikatar ilimi ta jiha ƙarama ce, ba ta cin kuɗi. Duk shekara a buga takarda shafi ɗaya a liƙa: nawa suka nemi MBBS, nawa aka ɗauka, mafi ƙarancin makin da aka ɗauka a kowane kaso, nawa suka haye aji biyu, mata nawa, baƙi nawa. Sannan 'yan Borno a rarraba su bisa ƙananan hukumomi 27, a kuma nuna irin sakandaren da kowa ya yi, ta gwamnati ko ta kuɗi. Bayanan nan duk suna cikin fayil ɗin kowane ɗalibi, tattarawa kawai ake buƙata. Ranar da shugaban wata ƙaramar hukuma ya ga sifili a gaban sunan garinsa shekara uku a jere, zai san malamin Fiziks yake buƙata kafin kuɗin tallafin karatu, ɗan majalisarsa kuma zai sami tambayar da zai amsa idan ya zo neman ƙuri'a.