Kafin Mu Sayi Tsohon Gini Domin Sujada



Yawancinmu a nan Ingila a ɗakunan haya muke sujada, kowa kuwa yana marmarin samun wuri nasa. Saboda haka bari mu dubi wani gini a titin Powis, unguwar Woolwich, a Landan.

An buɗe shi a 1937 a matsayin gidan sinima mai suna Granada. Daga waje jan bulo ne da doguwar hasumiya, ba ado mai yawa. Amma wanda ya tsara cikinsa, Theodore Komisarjevsky, mutumin Rasha, ya cika shi da ginshiƙai da bakan gizo masu tsini, irin na tsofaffin majami'un Turai. Daga baya ya koma gidan cacar bingo. A 2011 ikkilisiyar Fentikos mai suna Christ Faith Tabernacle ta saye shi. Wurin da aka yi wa kamannin majami'a domin nishaɗi, ga shi ya zama majami'a ta gaske.

Sai dai ginin yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukuma ke karewa, a mataki na biyu cikin uku. Bisa dokar 1990, kariyar ta haɗa ciki da waje. Ba a rushe bango, ko cire ado, ko canja tagogi sai da izinin ƙaramar hukuma. Yin haka ba izini laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku.

Ga abin da ya fi shafarmu. Angalikan, Katolika, Metodis, Haɗaɗɗiyar Baptis da United Reformed suna da nasu kwamitocin ba da izinin gyara. Ikkilisiyoyin Fentikos da ire-irenmu ba mu cikin wannan rangwame. Idan muna so mu haƙa wurin baftisma ko mu faɗaɗa bagadi, dole mu nemi izini mu jira.

Don haka, kafin mu sa hannu a takarda, mu bincika ko ginin yana cikin jerin. Mu kira masanin tsofaffin gine-gine ya dubi rufi da bango. Mu lissafta kuɗin gyara na shekaru masu zuwa, ba kuɗin saye kaɗai ba. Baikon gwauraye da na ma'aikatan dare ne za mu kashe, kuma za mu ba da lissafinsa.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.