Neman Maganin Shaye-shaye Daga Ƙaramin Gari



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba halin da iyali kan sami kansu a ciki idan ɗansu ya faɗa shaye-shaye, alhali suna zaune a ƙaramin gari, watau irin garin nan mai kasuwar mako da tashar mota da ɗan asibitin da likita ɗaya ke riƙe da shi. Tambayar da irin wannan iyali kan yi ba ta wuce guda ba: ina za a kai shi? Za a yi ƙoƙarin nuna cewa maganin shaye-shaye hawa-hawa ne. Hawan farko shi ne ya wajaba a nema a hannun likita, ko da kuwa sai an yi tafiya mai nisa. Amma sauran aikin, wanda shi ne mai tsawo, a gida ake yin sa, kuma a nan ne ƙaramin gari ke da abin da birni ba shi da shi.

Girman al'amarin

A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta gudanar da bincike a kan shaye-shaye a Nijeriya. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin sa maye a cikin shekarar da ta gabata, ban da giya da taba. Daga cikinsu miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 suna haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuwa maganin tari mai kodin suke kwankwaɗa, wasu kuma suna haɗa biyu ko uku. A shiyyar Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 3. Har wa yau binciken ya nuna cewa a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, kuma a cikin kowane biyar akwai ɗaya wanda abin ya riga ya zame masa cuta.

A farkon watan Mayu na shekarar 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton gidan BBC da ya tayar da ƙura. To amma rufe shago ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa kodin sai suka koma wa abin da hannunsu ya kai gare shi, ko roci, ko sholisho, ko zaƙami.

Suna da kunya

Kafin a zo ga nisan hanya, akwai wani nisa da harshe ya haifar. Hausa tana da sunaye birjik ga mai shaye-shaye: mashayi, ɗan ƙwaya, ɗan wiwi, ɗan sholisho, bugagge, ɗan iska. Idan aka lura za a ga dukkansu zagi ne, babu ko ɗaya da ke nuna cewa mutumin majinyaci ne. Wurin da ake yi masa magani kuma sunansa a bakin jama'a asibitin mahaukata. Saboda haka uban da ya ɗauki ɗansa zuwa can ya san cewa kafin ya dawo gari ya ɗauka, kuma maganar za ta biyo ƙannen yaron mata ranar da aka zo neman aurensu. A birni mutum kan ɓace cikin taro. A ƙaramin gari kuwa direban motar da ya ɗauke su maƙwabci ne, malamin asibitin da ya rubuta takarda suruki ne.

Kunyar nan ta fi tsananta a kan mutum biyu. Na farko ita ce mace, musamman matar aure, wadda sau da yawa saki ke riga magani isowa gare ta. Na biyu shi ne mai shan giya. Tun daga shekarar 2000, lokacin da jihohin Arewa da dama suka bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'a, shan burkutu ko ogogoro ya zama abin ɓoyo ƙwarai, mai shan kuma yakan ji tsoron faɗa wa likita gaskiya. Ya kamata a tuna cewa malamai sun yi bayani haramcin giya kansa daki-daki ya sauka, kuma ya zo a hadisi cewa an hana tsine wa wani mutum da aka sha kawowa saboda shan giya. Watau addini ya bar wa mashayi ƙofar komowa.

Ƙofofin da suka fi kusa

Iyalin da kunya ta rufe wa hanyar asibiti sukan ƙwanƙwasa ƙofar da ta fi kusa. Ta farko ita ce ta mai kemis, wanda zai ba da ƙwayar barci don yaro ya natsu, alhali ita kanta ƙwayar barcin tana cikin abin da ke kama mutum. Ta biyu ita ce ta mai maganin iska, domin surutai da zabura da rashin barci sun yi kama da abin da Bahaushe ya sani da taɓin aljanu. Ta uku ita ce gidan mari.

A watan Satumba na 1999 babu wanda zai yi zaton abin da za a gani bayan shekara ashirin, amma a Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka sake samun irin wannan a Daura da wasu garuruwa. Abin lura a nan shi ne, akasarin waɗannan mutane iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Mafi yawan iyayen nan gajiya ce ta kai su, ga shi kuma ba su san wata ƙofa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta fara aiki a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Amma doka ba ta gina asibiti, kuma muddin babu inda za a kai yaro, gidan mari ba zai rasa baƙi ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Dalilin da ya sa ɗauri ba ya magani yana cikin yadda jiki ke aiki. Idan mutum ya daɗe yana shan abu, ƙwaƙwalwarsa takan saba da shi har ta daidaita aikinta a kansa, sa'an nan abin da ke bugar da shi jiya ba zai ishe shi yau ba. Ranar da aka yanke masa shi farat ɗaya, sai jiki ya yi bore. Mai shan tiramol ko kodin zai yi ciwon gaɓɓai da zawo da hamma da yoyon hanci da rashin barci, abin ya yi kamar mako guda ko kwana goma kafin ya lafa. Wannan azaba ce, amma ba kasafai take kisa ba. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko ƙwayoyin barci irin su roci da baliyam, nasa ya fi haɗari. Mai giya yakan fara karkarwa da gumi cikin yinin farko, zuwa kwana na biyu ko na uku yana iya faɗuwa da farfaɗiya ko ya ruɗe yana ganin abin da babu, kuma wannan kan kai ga rasa rai idan babu likita. Don haka kulle irin wannan mutum a ɗaki da niyyar ya daina kasada ce da ransa.

Akwai haɗari na biyu. Wanda aka tsare wata uku bai sha ba, jikinsa ya manta da sabon da ya yi. Idan ya fito ya haɗiyi adadin da ya saba haɗiya a da, numfashinsa na iya tsayawa. Bugu da ƙari, masu bincike a Amurka sun nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha a wani lokaci, kwatankwacin yadda hawan jini ko asma kan dawo wa wanda ya saki magani. Ke nan komawa sha alama ce ta cewa ana bukatar ci gaba da magani, ba dalilin sallamawa ba ne.

Inda magani yake

Mutumin ƙaramin gari zai fara ne da babban asibitin ƙaramar hukumarsa. A nan ne za a duba ko akwai haɗarin gaggawa, a auna hanta da jini, a ba da takardar turawa gaba. Wajibi ne a gaya wa likita gaskiyar abin da ake sha, da yawansa, da ranar da aka sha na ƙarshe, domin ɓoye wa likita ciwo ɓoye wa kai magani ne.

Gaba da nan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman: na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da na Kazaure a Jigawa. Asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos, su ma suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, an fi saninta da kame, amma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako.

Sai dai ba a ɓoye cewa waɗannan wurare sun yi kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. Mutumin Birnin Gwari sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya isa Barnawa, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga kuɗin gado, ga gona da aka bari. Wannan gurbi ne ya sa gidajen gyaran hali masu zaman kansu suka yawaita, wasu nagari, wasu kuwa gidan mari ne da aka shafa wa fenti. Iyali na iya rarrabe su da 'yan tambayoyi: shin akwai likita ko ma'aikacin jinya a wurin? Shin ma'aikatar lafiya ta jiha ta san da zamansu? Shin za a bar iyaye su shiga har ɗakin kwana ba tare da sanarwa ba? Wane shiri aka yi wa majinyaci bayan sallama? Wurin da ya hana uwa ganin ɗanta, ko ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, ya cancanci a guje shi.

Darasin Aro

Abin da asibiti zai yi a 'yan makonni shi ne fitar da mutum daga haɗari da fara yi masa nasiha ta ilmi. Bayan nan zai komo garinsu, ya tarar da majalisar da ya bari da mai sayar masa da ƙwaya a bakin tasha. A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma a nan ne tarihin likitancin ƙasar nan ke da abin koyi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle masu taɓin hankali, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane majinyaci tare da wani ɗan'uwansa. Da rana su zo asibiti karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wannan hukuma a 2008 ta fito da wani shiri na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane cututtukan ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, su kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. Idan aka haɗa wannan da darasin Aro, za a ga abin da ƙaramin gari zai iya yi da abin da ke hannunsa. Ma'aikacin lafiya ɗaya da aka horar zai iya ganin wanda aka sallamo kowane mako, yana tuntuɓar likitan birni ta waya. Liman da mai unguwa za su iya sauya sunan da ake kiran yaron da shi. Maigidan kafinta ko tela ko makaniki zai iya karɓarsa almajirin sana'a, domin zaman banza shi ne takin shaye-shaye. Ƙungiyar 'yan gari da ke tara kuɗin gyaran rijiya za ta iya ware wani abu don kuɗin motar zuwa asibiti. Sanin juna, wanda a farko ya zama tushen kunya, shi ne kuma zai sa a lura tun ranar farko idan yaro ya fara komawa tsohuwar majalisa.

Kammalawa

A taƙaice, an nuna cewa iyalin ƙaramin gari suna fuskantar nisa iri biyu, na hanya da na kunya, kuma su biyun ne ke tura su ga kemis da gidan mari. An nuna cewa yanke giya ko ƙwayar barci farat ɗaya na iya kisa, don haka matakin farko na likita ne. Matakin da ya biyo baya kuwa na dangi ne da unguwa da sana'a, kuma yakan ɗauki watanni ko shekaru. Akwai aiki a kan gwamnatocin jihohi na sanya ma'aikaci mai wannan horo a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma. Akwai kuma aiki a kan masana harshe da gidajen rediyo, na samar wa Hausa kalmomin da uba zai iya faɗin ciwon ɗansa da su a gaban mutane ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Hausawa sun ce hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar.

Allah ya shirya zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi.