Ilimi da Ibada: Hanyar Fahimtar Juna Tsakanin Musulmi da Kirista a Ƙasar Kontagora

 

Makasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin 'yan ƙasa ga wata gaskiya da magabata suka daɗe da sani, watau cewa mutumin da ya san addininsa sosai, kuma yake aiki da shi tsakaninsa da Allah, da wuya ya zama sanadin fitina tsakaninsa da maƙwabcinsa mai wani addini. An ɗauki Kontagora, ta Jihar Neja, domin ta zama abin misali.

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Kontagora a 1864, sarakunanta kuwa ana kiransu Sarkin Sudan. Ba a kafa garin cikin ruwan sanyi ba, domin zamani ne na yaƙe-yaƙe, kuma kabilun ƙasar sun ɗanɗana wuyarsa. Amma a yau Hausawa da Filani da Kambari da Dakarkari da Dukawa suna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yansu suna zama aji ɗaya. Marigayi Sarkin Sudan Alhaji Sa'idu Namaska ya yi shekara 47 bisa gadon sarauta, daga 1974 zuwa 2021. A zamaninsa ne, cikin 1995, Ɗarikar Katolika ta mai da Kontagora hedkwatar wani yanki nata, aka naɗa Bishop Bulus Dauwa Yohanna ya shugabance shi a 2012, sa'an nan yankin ya zama cikakkiyar dayosis a 2020. Ashe ke nan gari ɗaya ya haɗa fadar zuriyar Shehu da mazaunin Bishop.

Zama irin wannan yana bukatar abu biyu. Na farko ilimi. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yawancin masu hura wutar gaba mutane ne da suka tsinci aya ɗaya ko biyu, ba su san dalilin saukarta ba, ba su kuma zauna gaban malami ya warware musu ba. Musulmin da ya yi karatun tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san cewa sa'ad da aka matsa wa sahabbai a Makka, ƙasar Habasha suka yi hijira, wurin Najjashi, sarki Kirista, ya kuwa ba su mafaka bayan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa wani abu daga Suratu Maryam. Ya san kuma Kiristocin Najran sun zo Madina, aka karɓe su, aka yi muhawara da su, suka koma gida da alkawarin aminci. Haka nan Kiristan da ya yi nazarin Linjila ya san labarin Basamariyen da ya ceci baƙon da 'yan fashi suka yi wa rauni, alhali ba akidarsu ɗaya ba. Ɗan Katolika mai ilimi ya san babban taron shugabannin ɗarikarsa ya fitar da sanarwa a Roma cikin 1965, wadda ta ambaci Musulmi da girmamawa, ta kuma nemi a bar tsohuwar gaba.

Abu na biyu shi ne ibada mai gyara zuciya. Ilimi kaɗai ba ya wadatarwa, domin mai sani marar tsoron Allah yakan mai da saninsa makamin gardama. Shehu Usmanu bai raba karatun fiƙihu da tarbiyyar rai ba. Malami ne mai wallafa littattafai, kuma mabiyin ɗarikar Ƙadiriyya ne mai yawan zikiri. Azumin watan Ramalana da azumin kwana 40 da Kirista ke yi kafin Ista duka horo ne na danne fushi da tuna mabukata. Wanda ya yini da ƙishirwa saboda Allah, sa'an nan ya fito ya zagi maƙwabcinsa, lalle bai gane abin da ya yi ba.

Akwai shaida daga Kaduna. A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya bazu zuwa birnin Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Fasto ya rasa hannunsa na dama, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Dukansu masu karatun addini ne, amma karatun bai hana su ƙudurin ramuwa ba. Abin da ya juya Imam shi ne huɗubar wata Jumma'a kan yadda Annabi ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Shi kuwa Fasto, wani ɗan'uwansa mai wa'azi ne ya gargaɗe shi cewa wa'azi ba ya yiwuwa da ƙiyayya a zuci. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, wadda ta taimaka aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Yelwan Shendam, Jihar Filato, cikin 2005. Nassin yana hannunsu tun da farko. Sai da ya sauka cikin zuciya ya yi amfani.

Jihar Neja tana da dalilin kula da wannan darasi. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina. A watan Oktoba na shekarar suka kashe masallata fiye da 10 suna sallar asuba a Mazakuka, cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace ɗalibai da malamai fiye da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri, wadda ke ƙarƙashin dayosis ɗin Kontagora. Hawayen uwar Tegina da na uwar Papiri iri ɗaya ne. Duk wanda ya ce wannan masifa ta addini ɗaya ce kan ɗaya, to, ya taimaki azzalumai, domin ba abin da suke so kamar jama'a ta rabu.

Saboda haka ana roƙon malamai masu tafsiri da limaman coci su karantar da mabiyansu hakkin maƙwabci kamar yadda littattafansu suka zo da shi, su kuma guji faɗin abin da ba su bincika ba game da addinin wani. Ana roƙon malaman makarantu, har da masu koyon aikin malanta a Kontagora, su saba wa yara da ladabin tambaya maimakon ba'a. Hakimai da dagatai su riƙa tara shugabannin addinai tun ana zaune lafiya, kada a jira sai ƙura ta tashi. Matashin da aka aiko wa jita-jita ta wayar hannu ya kai ta wurin malaminsa ko fastonsa kafin ya tura wa wani.

Ba a nemi kowa ya bar akidarsa ba, ba a kuma ce addinan biyu ɗaya ne ba. Abin da ake nema shi ne Musulmi ya ƙara sanin Musulunci ya yi aiki da shi, Kirista ma haka. Allah ya zaunar da Kontagora da Nijeriya lafiya, amin.