Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Masu Ciwon Suga da Tsara Binciken Lafiya

Shugaban taro, malamaina, likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai, da iyayenmu masu fama da ciwon suga da suka amsa gayyata, barkanku da zuwa. Ku na ambata a ƙarshe, amma maganar yau taku ce.

A ƙiyasin ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya na 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nau'i na biyu ne, wanda jiki ke daina jin maganar insulin ɗin da yake samarwa. A Afirka mutum miliyan 24 ne, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Wanda ya sani kuwa, sau nawa yake ganin likita? Watakila sau ɗaya a wata uku, na 'yan mintoci. Sauran kwanakin shi ne likitan kansa. Shi yake yanke shawarar loma nawa zai yi, shi yake zaɓa tsakanin tsinken gwaji da kuɗin cefane, shi ya san yadda jiri yake idan suga ya faɗi a tsakiyar kasuwa. Amma idan muka tashi bincike, yaushe muke kiran sa? Sai mun zaɓi tambaya, mun samo kuɗi, mun buga takardu, sannan a ce ya zo ya miƙa hannu a ɗebi jini, ya dangwala yatsa. Hujjata a yau ita ce a kira shi tun ranar da ake zaɓar tambayar.

An gwada haka a Ingila. A 2004 aka kafa gamayyar James Lind, mai ɗauke da sunan likitan sojan ruwan da ya raba matuƙa 12 gida shida a 1747, ya gano lemo na warkar da ciwon da ke sa dasashi zubar jini. Tsarinta shi ne a tara tambayoyi daga marasa lafiya, da masu jinyarsu, da ma'aikatan asibiti, a cire waɗanda ilimi ya riga ya amsa, a zauna a fitar da goma mafi muhimmanci. Kamfanonin magani ba su da ƙuri'a a zaman. A 2017 aka yi wannan aiki kan ciwon suga nau'i na biyu tare da ƙungiyar Diabetes UK, kuma tambayar da ta zo ta ɗaya ita ce: shin ana iya warkewa daga ciwon nan ko a mayar da shi baya, ta wace hanya, kuma akwai matakin da idan ya wuce ba ya komawa?

Ku duba nauyin wannan. Shekara da shekaru muna gaya wa mutane cewa ciwon nan mutu-ka-raba ne, sai lallaɓawa. Su kuwa ba su daina tambayar a zuci ba. A ƙarshen 2017 ɗin Farfesa Roy Taylor na Niyukasil da Farfesa Mike Lean na Gilasgo suka fitar da sakamakon bincikensu: cikin waɗanda aka ɗora kan abinci mai ƙarancin kuzari na wata uku zuwa biyar don rage ƙiba, kashi 46 cikin ɗari suga ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda. Ba zaman ne ya haifi binciken ba, an fara shi tun kafin nan. Amma ya nuna tambayar marasa lafiya ba mafarki ba ce.

To, kawo shi gidajenmu. Abincin binciken can garin kwaɓawa ne da miyar fakiti. Mu tire ɗaya ake ci, tuwo da dare, koko ko kunu da safe, fura da rana. Wa zai gaya mana abin da zai yiwu? Uwargidan da ke riƙe da muciya, wadda aka ce ta riƙa yi wa maigida tuwon acca ko alkama daban alhali buhun masara ne a ɗaki.

Ga azumi kuma. Wani bincike a ƙasashe 13 da aka buga a 2004 ya samu cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15 na Ramadan. Mutane suna azumi, ko sun gaya mana ko sun ɓoye. Da su ne suka tsara bincikenmu, da tambayar ta zama: yaya zan raba maganina tsakanin sahur da shan ruwa, kuma a wane awo ya wajaba in karya? Mu kuma awon HbA1c muke bi, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Awo ne mai amfani, ko da yake jinin sikila, da ya yawaita a cikinmu, yana iya rikita shi a wasu na'urori. Amma manomi ƙarfin riƙe fartanya yake so a auna, da yawan tashi fitsarin dare, da gyambon da ya ƙi warkewa, da raunin da ya shiga tsakaninsa da iyalinsa wanda kunya ta hana shi faɗa.

Akwai kuma amana. Daga 1990 masu bincike na wata jami'a a jihar Arizona ta Amurka sun ɗebi jinin 'yan ƙabilar Habasufai da sunan binciken ciwon suga, sai aka yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da asalin ƙabilar. Sai a 2010 aka biya su dala 700,000 aka mayar musu da jininsu. Mu nan ba ma buƙatar a ba mu labari, gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 har yau yana bin duk mai farar riga da ya shiga unguwa da takarda. Al'ummar Mohok ta Kanawake a Kanada ta bi wata hanyar: tun 1994 ta kafa shirin rigakafin ciwon suga a makarantunta tare da jami'o'i, da rubutacciyar ƙa'ida cewa al'umma abokiyar aiki ce, kuma sai ta ga sakamako kafin a buga.

Abin da nake tsoro shi ne mu yi na ganin ido: a ɗauko ma'aikaci ɗaya mai ritaya da ya iya Turanci, a zaunar da shi a kwamiti, a ce an dama da marasa lafiya. Ina matan da ba sa fita? Ina ɗan ƙauyen da kuɗin mota ya hana shi zuwa? A yi zaman mata daban, a yi shi da Hausa, a biya mutane kuɗin mota da na wunin da suka rasa, a karanta musu takardar amincewa su gyara kalmominta, a dawo musu da sakamako ta rediyo da bakin masu unguwa.

Ina roƙon kwamitocin da ke ba da izinin bincike su ƙara layi ɗaya a takardar neman izini: masu ciwon nawa kuka zauna da su kafin ku rubuta wannan, kuma me suka sa kuka canja? Shugaban taro, ina neman alfarma a ba iyayenmu da ke layin baya makirfo kafin kowa.